Tambaya da Amsa: Rainon Guringuntsi a Ɗakin Bincike, Wa Zai Amfana?

Wasiƙu huɗu suka zo mana a wannan watan a kan batu guda, biyu daga Kebbi, biyu daga Zamfara. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin makarantar sakandare ne a Argungu. Ƙanena mai shekara 24 ya murɗe gwiwa wajen ƙwallo wata takwas da suka wuce. An kai shi wurin mai ɗori, kumburi ya sauka, amma har yanzu gwiwar takan cije masa, kuma hoton da aka ɗauka ya nuna guringuntsi ya ɓantare. Mahaifiyarmu kuma ta kusa shekara 70, gwiwoyinta sun ci ƙarfinta, har salla ma a kan kujera take yi. Na ji ana cewa a ƙasashen waje ana rainon guringuntsi a kwalba a mayar wa mutum. Shin gaskiya ne, kuma zai yi wa su biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ba Inna lafiya, Ya kuma ba ƙanenka sauƙi. Labarin da ka ji gaskiya ne, kuma ba sabo ba ne, domin tun shekarar 1987 aka fara yi wa ɗan Adam wannan aiki. Sai dai cikin mutane biyun da ka ambata, ɗaya ne kawai za a iya tunanin aikin ya dace da shi, kuma ba Inna ba ce.

Duk wanda ya taɓa gwaguyar ƙafar kaza ko ya sha farfesun ƙafar saniya ya san farin abin nan mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashi. Irinsa ne a gwiwar mutum, kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal, amma shi ke hana ƙashin cinya gugar ƙashin ƙwauri tun daga tatata har tsufa. Kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, sauran kuma zaruruwa ne na wani furotin da ake kira kolajin, tare da wasu sinadarai masu riƙe ruwa. Ƙwayoyin halitta masu rai da ke cikinsa, waɗanda masana ke kira kondurosayit, 'yan kaɗan ne ƙwarai, kowace tana zaune a ɗan gurbinta kamar gyaɗar da aka barbaɗa cikin alewa, alewar ta daskare da ita. Babban lamarin shi ne babu jijiyar jini ko ɗaya da ta ratsa shi. Daga ruwan gaɓa yake tsotsar abinci, duk lokacin da aka taka ƙafa aka matse shi aka sake shi, kamar yadda soso ke yi.

A nan ne ya rabu da ƙashi. Mai ɗori yakan yi nasara ne saboda ƙashi yana da jini, jinin kuma shi ke kawo ƙwayoyin gyara. Nasa shi ne ya daidaita ya ɗaure, jiki ya ƙarasa da ikon Allah. Guringuntsi kuwa idan ya ɓantare babu mai kawo masa ɗauki, ƙwayoyin da ke bakin ramin kuma a ɗaure suke, ba su da halin tattaki su je su cike gurbin. Tun a 1743 wani masanin jikin ɗan Adam a Birtaniya, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma aka shafe fiye da shekara 200 babu wanda ya kawo abin da ya ƙaryata shi.

Kai da ke Argungu ba ka buƙatar dogon bayani kan dabarar da aka ɓullo da ita, domin dabarar manoman shinkafa ce: a yafa iri a ɗan fili mai ni'ima, a raine shi har ya yi ƙwari, sannan a cire a kai gona a dasa. Wasu likitoci a birnin Gotenbag na ƙasar Siwidin, wato Lars Peterson da Mats Brittberg da Anders Lindahl, su suka fara gwada ta a jikin mutane. Tiyata biyu ake yi. A ta farko ana shiga gwiwar da siririyar na'ura mai kyamara, a yanko ɗan guringuntsi mai lafiya daga gefen da ba ya ɗaukar nauyi, miligiram 200 zuwa 300, wato abin da bai kai rabin giram ba. A ɗakin bincike sai a narkar da abin da ya ɗaure ƙwayoyin, a raine su na wasu makonni har su zama miliyoyi. A tiyata ta biyu sai a share ramin, a zuba su, a rufe. Da farko da wata 'yar fata da ke manne da ƙashin ƙwauri ake yin murfin, a ɗinke. Yanzu an fi shimfiɗa ƙwayoyin a kan wani ɗan faifan kolajin, a yanka shi daidai girman ramin, a manna. Tun da ƙwayoyin na mai gwiwar ne, jikinsa ba ya yaƙarsu kamar yadda yake yaƙar ƙodar da aka dasa daga wani.

A 1994 suka buga sakamakon mutum 23. Cikin 16 da ramin nasu ke kan ƙashin cinya, 14 sun samu sauƙi mai kyau. Cikin 7 da matsalarsu ke bayan ƙoƙon gwiwa kuwa, 2 ne kawai suka samu irin wannan sauƙin, abin da ya nuna tun daga fari cewa wurin da raunin yake yana da tasiri. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin farko, Carticel, a 1997, sannan ta amince da MACI, mai amfani da faifan kolajin, a watan Disamba na 2016. Tarayyar Turai ta amince da wani mai suna Spherox a 2017.

To, me ya sa na ce ba Inna ba? Tela yakan yi wa riga faci ne idan ƙusa ta yage ta a wuri ɗaya alhali sauran yadin yana da ƙwari. Rigar da ta ci wanki har ta siranta ko'ina, in an ɗora mata faci ma babu inda zare zai kama. Raunin ƙanenka, bisa yadda ka kwatanta, rami ne guda a tsakiyar lafiyayyen guringuntsi. Abin da ya fi kama da na Inna kuwa shi ne amosanin gaɓɓai na zaizayewa, inda guringuntsin ya siranta a faɗin gaɓar, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya sauya, ruwan gaɓar ma yake ɗauke da sinadaran kumburi masu cinye duk sabon abin da aka dasa. Shi ya sa hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila, da ta amince da wannan dashe a 2017, ta gindaya sharuɗɗa: ramin ya fi santimita murabba'i 2, zaizayewar gaɓar ta kasance kaɗan ce, kuma ba a taɓa yi wa wurin tiyatar gyaran guringuntsi ba. Inna ba ita kaɗai ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan amosani, kuma gwiwa ce ya fi kamawa. Abin da ke taimaka mata sananne ne: motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya, rage ƙiba idan akwai, dogara sanda, maganin ciwo bisa umarnin likita, sannan idan abin ya yi tsanani, tiyatar sauya gwiwa da ta ƙarfe da roba. Ina roƙonka ka duba ledar magungunanta, domin haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake saye a kemis ana sha kullum yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga tsofaffi.

Shi kuma ƙanenka, kada ku ɗora zuciyarku kan dashe tun ba a san me ke cije gwiwar ba. Yana iya zama guntun da ya ɓantare ne ke yawo cikin gaɓar, ko kuma wani guringuntsin daban mai siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya yage, kuma duka biyun ana gyara su ba tare da rainon ƙwaya ko ɗaya ba. Ga ƙaramin rami akwai hanyoyi masu sauƙin kuɗi da ake gamawa a tiyata ɗaya, kamar huda 'yan ƙofofi a ƙashin ƙarƙashin ramin don jini da ɓargo su fito su cike shi, ko ɗauko 'yan guntayen ƙashi da guringuntsinsu daga gefen gwiwar a dasa. Shi dashen ƙwayoyi yana da tsadar gaske, cibiyoyi ƙalilan ne ke yin sa ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi, kuma bayansa akwai makonni na tafiya da sanduna da kusan shekara guda kafin a yi zancen komawa fili. Ku nemi ganin ƙwararren likitan ƙashi da hoton MRI a hannu, ko a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Wata takwas ya isa jira.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar halittu a Gusau. Malaminmu ya ce rainon ƙwayoyin guringuntsi ba shi da wuya, riƙe su a matsayin guringuntsi shi ne aiki. Ban fahimci abin da yake nufi ba.

Amsa: Ɗiyata, malaminki ya faɗa miki zuciyar wannan fanni cikin jimla ɗaya. Bari mu fara da ɓangaren da ya ce ba shi da wuya. Ana daddatsa guringuntsin ƙanana, a jiƙa shi na sa'o'i, sau da yawa a bar shi ya kwana, cikin wani sinadari mai suna kolajines da ake samu daga wata ƙwayar bakteriya, wanda ke narkar da zaruruwan ya saki ƙwayoyin. Sai a tace, a wanke, a ƙirga, a zuba su cikin wata kwalbar roba mai shimfiɗaɗɗen gindi tare da ruwan abinci mai ɗauke da sukari da gishiri iri-iri da bitamin da tubalan gina furotin, a ƙara da ruwan jini, ko na ɗan tayin saniya ko na shi majinyacin. Ana ajiye kwalbar cikin inkubeta, na'urar da ke riƙe ɗumi daidai, a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100 don kada tsamin ruwan ya gauce. Ruwan ja ne saboda wani rini da ake sa masa, kuma idan ya fara komawa ɗorawa to ya yi tsami, ko dai ƙwayoyin sun cinye abincin ko kuma ƙwayar cuta ta shiga. Duk kwana 2 ko 3 ake sauya shi. Idan ƙwayoyin sun kusa cika gindin kwalbar sai a ɓamɓare su da sinadarin tirifsin a raba su cikin sababbin kwalabe. Lissafin mai sauƙi ne: ƙwaya 300,000 idan yawansu ya ninka biyu har sau 5 a jere sun zama miliyan 9 da dubu 600.

Matsalar tana cikin wannan ninkawar. A cikin jiki ƙwayar guringuntsi dunƙulalliya ce, kewaye da abin da ta saƙa da kanta, kuma ba ta cika rabuwa ba. Da ta samu kanta a kan shimfiɗar roba sai ta manne, ta baje, ta yi tsawo, ta shiga rabuwa, a hankali kuma ta bar sana'ar gidansu. Ta daina saƙa kolajin nau'i na 2, wanda shi ne na guringuntsi mai santsi, ta koma saƙa nau'i na 1, irin wanda ke cikin tabo da jijiya. Iya yawan raba su da aka yi, iya nisan da suke yi daga asalinsu. Idan aka dasa irin waɗannan, ramin zai cika, amma da wani abu mai zare-zare wanda bai kai na asali santsi da juriya ba. Mai bincike kenan yana tsakanin buƙata biyu masu karo da juna, yana son ƙwayoyi da yawa, yawan kuma shi ke ɓata su.

A 1982 wasu masana biyu a Amurka, Benya da Shaffer, suka nuna cewa abin yana gyaruwa: da suka ɗauki ƙwayoyin zomo da suka riga suka baje suka saka su cikin wani kunu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku, sai suka sake dunƙulewa, suka koma saƙa kolajin nau'i na 2. A ganina wannan gwaji ne ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya, domin ya nuna cewa siffar ƙwaya da muhallinta su ke gaya mata aikin da za ta yi. Daga nan aka shiga neman yadda za a kwaikwayi gida: a cusa ƙwayoyin cikin soso na kolajin ko na wata roba mai narkewa cikin jiki, ko a bar su su cure da juna su zama 'yan ƙwallaye, a rage musu iskar oksijin tun da can ma a jiki kaɗan suke samu, a ƙara musu sinadaran da ke zaburar da girma, har a saka su cikin na'urar da ke matsa su tana saki kamar ana tafiya da su. Duk da haka, guringuntsin gwiwa hawa-hawa yake, zaruruwan saman a kwance, na ƙasan a tsaye sun kafu cikin ƙashi, kuma kwaikwayon wannan tsari da sa sabon ya haɗe da tsohon su ne har yanzu ake fama da su.

Wasu sun nemi iri daga wani wuri. Ƙwayoyin tushe na ɓargo, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama nau'i daban-daban, suna iya zama guringuntsi, sai dai sukan zarce su kama hanyar zama ƙashi. A birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ƙungiyar Ivan Martin ta ɗauko ɗan guringuntsi mai faɗin milimita 6 daga bangon da ya raba ƙofofin hanci, ta raine shi, aka dasa a gwiwoyin mutum 10, aka buga sakamakon a 2016, saboda ƙwayoyin hanci sun fi riƙe halinsu bayan raino.

Idan kina sha'awar fannin, samun iri ba zai ba ki wahala ba, domin ɗakunan bincike da yawa a duniya da gaɓar saniya daga mayanka suke koyon aikin. Abin da zai ba ki wahala tsabta ce da wuta. Ƙwayar bakteriya guda ta isa ta rusa aikin wata ɗaya cikin dare, inkubeta kuma ba ta san an ɗauke wuta ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Talata Mafara nake. An turo mini hoton ɓera da kunnen mutum a bayansa, aka ce Turawa sun fara halitta. Na kuma ji cewa akwai alade cikin kayan da ake wannan dashe da su. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Hoton na gaske ne, an fitar da shi a 1997 daga aikin Charles Vacanti da Yilin Cao da abokan aikinsu a Amurka, amma bayanin da aka haɗo maka da shi ba daidai ba ne. Babu ƙwayar mutum ko ɗaya a wannan kunnen, kuma ba ya jin magana. Sun sassaƙa siffar kunne ne da roba mai narkewa, suka zuba mata ƙwayoyin guringuntsin maraƙi, suka saka ta ƙarƙashin fatar wani ɓera marar garkuwar jiki don ya ciyar da su. Babu wanda ya ƙagi ƙwaya mai rai a nan. Manomin da ya dasa shinkafa ba shi ya halicci iri ba. Manufar aikin ita ce taimakon yaran da ake haifa da ƙanƙanen kunne ko babu shi, waɗanda har yau mafi yawansu da guringuntsin haƙarƙarinsu ake sassaƙa musu kunne. A 2018 masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton yara 5 da aka yi wa kunne da ƙwayoyin jikinsu da aka raina.

Batun alade kuwa akwai ƙamshin gaskiya, kuma haƙƙinka ne ka sani. Faifan kolajin da ake amfani da shi a MACI daga jikin alade ake samo shi, an tsarkake shi daga ƙwayoyin dabbar, kuma yakan narke cikin jiki bayan wani lokaci. Tirifsin ɗin da ake ɓamɓare ƙwayoyi da shi ma an saba samo shi daga alade, ko da yake yanzu akwai wanda ake haɗawa ba daga dabba ba. Amma ba kowane samfuri ne ke da faifan ba, Spherox alal misali 'yan ƙwallayen ƙwayoyin majinyaci ne zalla. Hukuncin ba nawa ba ne, na malamai ne, kuma sun yi magana mai faɗi a babin lalura da na sauyawar abu daga asalinsa. Shawarata ita ce duk wanda za a yi wa irin wannan aiki ya tambayi likita sunan samfurin da abin da aka yi shi da shi, sannan ya kai wa malaminsa cikakken bayani, domin fatawa gwargwadon tambaya take fitowa.

Tambaya: Likita, ni 'yar kasuwa ce a Yawuri. Shin yawan cin ganda da ƙafar saniya yana mayar da guringuntsin gwiwa? Akwai kuma masu tallar allurar ƙwayoyin tushe da suke cewa tana sabunta gwiwa.

Amsa: Hajiya, ki ci farfesunki don daɗinsa. Duk kolajin da ya shiga ciki narkewa yake yi kamar kowane nama, jiki ya rarraba shi inda ya ga dama, kuma babu tabbacin cewa yana cike ramin guringuntsi ko yana mayar da wanda ya zaizaye.

Allurar kuwa ki yi hattara da ita. Kin ga irin wahalar da ake sha a ɗakin bincike kafin a shawo kan ƙwaya ta zama guringuntsi ta kuma zauna a haka, don haka zuba ƙwayoyi cikin gaɓa da sirinji bai isa hujjar cewa za su manne su gina komai ba, kuma allurar da ba ta da tsabta tana iya sa gaɓa ta kamu da ƙwayar cuta, ciwon da cikin 'yan kwanaki yake cinye guringuntsin da ya rage. Ko manyan cibiyoyi sun taɓa ƙonewa a wannan fanni: likita Paolo Macchiarini ya dasa wa mutane maƙoshin roba da aka shafa wa ƙwayoyin tushe a Siwidin da wasu ƙasashe tun daga 2011 ba tare da isasshen gwaji ba, mafi yawansu suka rasu, kuma a 2023 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 2 da rabi. Kafin ki miƙa gwiwa ko kuɗi, ki tambayi mai allurar daga jikin wa aka samo ƙwayoyin, a wane ɗakin bincike aka raine su, wace hukuma ce ta amince da su, sannan ki nemi ganin lasisinsa na aikin likita.